Wace albasar fure ce ke jure zafin Sakkwato? Tulif ɗina duk sun mutu

Maman Biyu, Arkilla:

Assalamu alaikum. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni shuka fure a cikin gida, musamman mazauna nan Sakkwato, don abin da ya yi wa mutanen Jos da Kaduna ba lallai ne ya yi mana ba.

Shekara biyu ke nan da muka tare a Arkilla. Da za a shafe tsakar gida da siminti, na roƙi maigida a bar mini wuri biyu da ƙasa. Ɗaya yana gindin katangar yamma, tsawonsa taku bakwai, faɗinsa bai wuce taku biyu ba. Rana na samunsa daga safe zuwa azahar, sannan inuwar katanga ta rufe shi. Ɗayan yana kusa da ƙofa, gindin katangar gabas, shi kam daga hantsi har la'asar sakaliya rana ke dukansa, in ka dafa bulon da yamma sai ka janye hannu. Ƙasar jigawa ce, in aka zuba bokiti guda kafin a juya ta shanye.

Bara cikin Nuwamba na sayi albasar fure ta intanet, tulif 20 da dafodil 10, saboda hotunan gonakin Holan da na gani, layi ja layi rawaya har iyakar ganin ido. Mai sayarwar ya ce in dai akwai sanyi za su yi, ni kuma na ga ɗari ya shigo. Na haƙa, na sa taki, na binne su, safe da yamma ina ba su ruwa. Guda 11 suka fito da ganye, wasu tsawon yatsa, wasu tsawon tafin hannu, suka tsaya nan. Ko toho ɗaya na fure ban gani ba. Da Maris ya kama ganyen ya ƙone. Na tona na tarar wasu sun ruɓe sun yi laushi kamar dafaffen dankali, wasu gara ta cinye cikinsu ta bar ɓawo. Ranar raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba don kuɗin kaɗai ba.

Mahaifiyata ce ke zaune wurina yanzu. Idanunta sun yi rauni, ba ta bambance fuska sai an matso, amma tana ganin jan abu, hancinta kuma lafiya lau. Bayan magariba nakan shimfiɗa mata tabarma daidai gindin katangar yamma, can take lazimi har isha'i. Kullum sai ta ba ni labarin lallen da ke bayan ɗakinta a Wurno, wai in ya yi fure har zaure ake jin ƙamshinsa. Abin da nake so shi ne ta zauna wuri mai ƙamshi, ta ɗaga kai ta ga launi. Na riga na yi mata alkawarin fure bara ban cika ba.

To ga mu a Mayu, hadari ya fara haɗowa. Wace albasar fure ce za ta rayu a nan, ta sake fitowa baɗi ba sai na sake saye ba? Waɗanne shuke-shuke ne masu daɗewa za su jure Afrilunmu? Ruwa saye muke yi wurin 'yan garuwa in famfo ya ɗauke, don haka ba zan iya da mai shan ruwa kamar shinkafa ba. Akwai yara biyu 'yan shekara huɗu a gidan, da jar akuya guda da ɗanta. Allah ya saka da alheri.

Tsohon Malamin Gona, Runjin Sambo:

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Allah ya ƙara wa Inna lafiya, ya ba ki ladan kula da ita.

Ki kwantar da hankalinki, ba hannunki ne ya kashe su ba. Tulif ɗiyar duwatsun tsakiyar Asiya ce, ta bi ta Turkiyya ta isa Holan a ƙarni na 16. Albasarta ba ta sakin fure sai ta kwana cikin ƙasa mai sanyi ƙasa da digiri 9 na tsawon makonni 12 zuwa 16, dare da rana ba hutu. Ɗarinmu kuwa, ranar da muke rawar sanyi muna hura wuta, da asuba wajen digiri 15 ne, kafin azahar ya haura 30. Ga tulif wannan bazara ce. Dafodil ma kusan haka take. Wasu za su ce ki sa su a firij wata uku kafin shuka. Ana yi a wasu ƙasashe, amma sai wuta ba ta ɗaukewa, kuma ko ta yi furen sau ɗaya ne, baɗi sai sabon saye. Ban ba ki wannan shawarar ba.

Ke 'yar Sakkwato ce, kin san albasa, to daga nan za ki fahimci komai. Albasa rumbu ce. Ganye ya tara abinci ya tura ƙasa, ya bushe, ita kuma ta kwanta tana jiran lokacinta. Bambancin kawai shi ne abin da ke tashe ta. Wasu sanyi ke tashe su, wasu ruwan sama. Mu masu jiran ruwa za mu nema, waɗanda rani ba ya tsoratar da su domin barci suke yi cikinsa.

Tun ina yawon aiki tsakanin Kware da Goronyo nake ganin albasar kwaɗi a bakin fadamu. Duk rani ba ka ganin komai, ruwan fari na sauka sai ga kara ya fito da manyan furanni farare masu jan zane a tsakiya kamar an ja da alƙalami. Masu sayar da fure suna kiran danginta kirinum, suna sayarwa da tsada, alhali ga ta nan a dajinmu. Na dasa uku a gidana shekarun baya, yanzu sun zama gungu, har rabawa nake. Ba ta son a riƙa tone ta, in ta zauna a bar ta. Wajen dasawa a bar wuyanta a waje.

Sai amarilis, asalinta Kudancin Amurka, mai manyan furanni ja kamar bakin kakaki. Wannan Inna za ta gani ko daga ƙofar ɗaki. A tukunya ta fi kyau. Kashi ɗaya cikin uku na albasar ya zauna a sarari, in kika binne ta duka za ta ruɓe. Babbar albasa takan yi fure makonni 6 zuwa 8 bayan dasawa. In furen ya faɗi ki yanke karan kaɗai, kada ki taɓa ganyen, shi ke cika rumbun baɗi. Nan mutane da yawa ke kuskure, su ga ganye ba fure su aske shi don tsabta. Sai ganyen ya yi rawaya da kansa ki janye ruwa kamar wata biyu, tukunyar na cikin inuwa, sannan ki koma ba ta.

Akwai wata 'yar ƙarama mai ganye kamar ciyawa, ana ce mata furen ruwan sama. Kwana kaɗan bayan an yi ruwa mai ƙarfi sai ki tashi da safe ki ga ta buɗe, fari ko ruwan hoda ko rawaya. Tana hayayyafa da sauri, ta dace da bakin layi.

Don ƙamshi kuwa, tubaros. Daga Meziko ta fito, ana nomanta sosai a Indiya da Masar don turare. Farin fure ne a dogon kara, kuma da dare ƙamshinsa ke tashi, daidai lokacin lazimin Inna. Ki binne ta zurfin santimita 5 a farkon damina, wata uku zuwa huɗu ta yi fure. Ki sani uwar da ta yi fure ba ta sakewa, 'ya'yan da ke gefenta ne za su gaje ta in sun girma, don haka kada ki zubar da su.

Wajen saye, ki yi yadda kike yi a Ramin Kura. Ɗauki albasar ki auna a hannu: mai nauyi, mai tauri, gindinta inda saiwa ke fita a bushe ba baƙi ba laushi, ba furfura, ba wari. Babba ita ke fure, ƙarama sai ta shekara ɗaya ko biyu tana ganye. Kada ki sayi wadda aka ƙulle cikin leda tana gumi.

Ruɓewar da kika gani, ina zargin abu biyu. Ruwa safe da yamma ya yi wa albasar da ba ta yi saiwa ba yawa. Sannan wane irin taki kika sa? In ɗanye ne, shi ya dafa su, shi ya kira gara. Taki sai wanda ya shekara, ya yi baƙi, ya daina wari, yana marmashewa a hannu. Jigawarki alheri ce ga albasa, don ba ta riƙe ruwa. Kada wani ya sa ki ɗebo lakar fadama ki cika wurin, da Agusta za ta zama taɓo. Ni nakan haɗa kwano biyu na jigawa, kwano ɗaya na tsohon taki, kwano ɗaya na ƙonannen buntun shinkafa.

Hajiyar Mabera:

Yaya Maman Biyu, sannu da ƙoƙari. Baba ya gama magana kan albasa, ni bari in yi ta masu daɗewa, don su ne ke riƙe gida watanni bakwai da albasa ke barci. In albasa kaɗai kika shuka, daga Nuwamba zuwa Mayu ƙasa ce tsirara za ki riƙa kallo.

Abin da na koya bayan asara mai yawa: ba a zaɓen fure da Agusta. Da Agusta kowa kore ne, har wanda aka sauke daga mota jiya. Yanzu ne lokacin dubawa, ki zaga unguwa ki leƙa katangun mutane ki ga wa ya fito daga Afrilu da ransa. Abin da na gani da idona a Mabera shi ne bogenbiliya, ƙariya, lalle, rumman, binka (wani gajeren fure fari ko ruwan hoda) da moda. Wardin da na saya sau biyu, wanda aka kawo daga Jos, duk bai kai azumi na biyu ba. Can tudu ne mai sanyi, nan kuwa zafi na wuce digiri 40 makonni a jere.

Katangarki ta gabas mai zafin nan, bogenbiliya ce maganinta. Rana take so, kuma in aka cika mata ruwa ganye take yi ta ƙi fure. Tawa shekara shida ke nan, da rani sau biyu a mako nake ba ta bokiti guda, ta haye katanga ta zubo waje ja wur. Tana da ƙaya, ki ɗaure ta sama da kan yara tun tana ƙarama. Ki sayi wadda ke da fure a jiki, don ki tabbatar da launin, kada a ce miki ja ce ta fito fara. Kuma wajen cire ta daga leda ki yi a hankali, saiwarta ba ta son a girgiza ta. Ki yanka ledar da reza, ki sa ta da ƙasarta.

Gindin katangar yamma kuma, tunda Inna lalle take ambato, me ya sa za ki je nesa? Ki aika Wurno a yanko miki rassa masu kaurin fensir, tsawon tafin hannu da rabi, ki kafa su in ruwa ya zauna. Yana kamawa ba wahala. Sai dai in fure kike so, kada ki riƙa aske shi kamar masu noman ganye, ki bar shi ya yi tsawo. Kusa da tabarmarta ki sa yasmin a tukunya. Wanda ya je Saudiyya ya san shi, farin fure ƙarami da ake jerawa a zare. Shi kam yana son ruwa kullum da bazara, amma tukunya ɗaya ba ta fi ƙarfin buta biyu ba. Ki ƙara da ɗoɗɗoya a gefe, ko zanen Inna ya goge ta ƙamshi zai tashi.

Maganar ruwa, ni baho na ajiye inda muke alwala, ruwan nan kaf na shuka ne. Da na wanke shinkafa da na wanke ganye. Ruwan omo da na wanke-wanke mai maiƙo ban yarda ba, yana ƙona saiwa a hankali. Da asuba nake bayarwa ko bayan la'asar, kuma gara a ba da mai yawa ya nutse da a riƙa yayyafawa sama-sama kullum.

Tukunya ki nemi ta ƙasa, ko tsohuwar randa da ta tsage, a huda gindinta. Baƙar roba a kan siminti da Afrilu dafa saiwa take yi, na taɓa zare wata shuka na ji ƙasar da zafi kamar toka. Ki ɗora tukwanen kan bulo biyu, iska ta bi ta ƙasa, gara ma ba ta samun hanya da sauƙi.

Mai Dashe, hanyar Birnin Kebbi:

Maman Biyu barka da rana. Ni sana'ata ke nan, kuma gaskiya zan faɗa miki ko da ta rage mini ciniki. Kayan da ke zo mana daga Jos da kudu, wanda bai yi wata guda a hannunmu ba kada ki ɗauka. Ki tambayi mai dashe, wanga yaushe ya zo? In ya ce satin nan, ki wuce. Ki ɗaga ledar ki duba ƙasa, in saiwa ta fara leƙowa to ya zauna da ruwanmu da ranarmu. Ki ɗauki ƙarami mai rassa da yawa, ya fi dogo siriri kamawa.

Kada ki dasa yanzu don kin ga hadari. Ruwan farko yakan yi ya ɗauke mako biyu ko uku, dashe ya ƙone. Ki bari ƙarshen Yuni zuwa Yuli, ruwa ya zauna, ki dasa da yamma. Daga nan zuwa Satumba saiwa ta nutse, ta shiga rani da ƙarfinta.

Ƙariya ma ki sa guda biyu wurin ƙofa. Babu abin da ya kai ta haƙuri, da rani take fure ba ganye a jikinta, ko kin yi tafiyar wata guda za ki tarar da ita. Amarilis da tubaros ba kullum muke da su ba, sai an yi oda, amma furen ruwan sama da binka ko maƙwabta za su ba ki kyauta.

Anti Nas, Gawon Nama:

Ku yi haƙuri in shigo, akwai abin da aka tsallake. Ta ce tana da yara 'yan shekara huɗu da akuya. Ƙariya guba ce, ruwan jikinta har dafin kibiya ake yi da shi, yana taɓa zuciya. Ni ban yarda a sa ta bakin ƙofa inda yara ke wasa ba, Malam mai dashe. Binka ma ba a ci. Haka wani dogon fure mai siririn ganye da ake shukawa a bakin titi da ofisoshi, oliyanda, shi ya fi su haɗari, kada ya shigo gidan. Gatarin kurege mai jan fure da rawaya, wanda ke fitowa a daji da damina, saiwarsa na kisa, kada kyansa ya sa a tono miki shi.

Albasar kwaɗi da amarilis da furen ruwan sama su ma suna sa amai da zawo in an ci. Haɗarinsu shi ne kama da albasar miya. Kada a taɓa ajiye su a kicin ko sito ɗaya da kayan cefane, kuma a nuna wa mai taya ki aiki. Ban ce kada ki shuka su ba, Yaya, amma tukwanen su hau sama, kuma in yaro ya tauna wani abu a tafi asibiti da ragowar shukar a hannu.

Maman Biyu, Arkilla:

Na gode ƙwarai, Allah ya biya kowa. Baba, ka canka daidai, takin ɗanye ne. Daga turken akuyarmu na kwashe na zuba ranar da na binne su, ina ganin gata na yi musu. Jiya na sa an tara wanda ke nan a bayan ɗaki an rufe da buhu, sai baɗi. Na bana zan nemi tsoho wurin masu lambu a Kwalkwalawa.

Anti, ƙariya na haƙura da ita sai yaran sun yi wayo. Ɗaya daga cikinsu har yanzu komai ya tsinka baki yake kai wa. Amarilis guda biyu zan yi oda, in ɗora su kan dakalin da ke ƙarƙashin tagar Inna, hannunsu ba ya kai wa can. Albasar kwaɗi zan sa ta can ƙuryar katangar yamma bayan lalle, maigida ya ce zai kewaye wurin duka da waya saboda akuya. Bogenbiliya ja guda ɗaya a katangar gabas. Yau da safe na bi shawarar Hajiya na zaga layinmu, na ga wata a gida na huɗu da ta rufe rabin ƙofa, na yi sallama, matar gidan ta ce tun da suka dasa ta ba su taɓa sa mata taki ba.

Daren jiya na karanta wa Inna amsoshinku. Da na zo kan lalle ta dakatar da ni, ta ce ba kowane za a yanko ba, na bayan ɗakinta take so, in yana nan. Na kira ƙanena a Wurno, ya je ya duba da fitilar waya, ya ce yana nan, ya fi katanga tsawo. Zai yanko rassa goma in ruwa ya zauna. Ta ce a gaya masa ya yanka daga ɓangaren rijiya, can ya fi yawan fure.

Saura tambaya ɗaya, Baba. Tubaros ɗin, in damina ta wuce, tone ta zan yi in adana kamar yadda ake adana albasa a rudu, ko in bar ta cikin ƙasa in janye ruwa? Ina tsoron gara ta sake yi mini irin ta bara.

Tsohon Malamin Gona, Runjin Sambo:

Tunda gara ta san wurin, ki tone ta, ɗiyata. Ki jira ganyen ya bushe da kansa, ki tono gungun gaba ɗaya, ki kakkaɓe ƙasar, ki shanya a inuwa mako guda, ba a rana ba. Sannan ki barbaɗa mata toka, ki sa a kwando ko buhun albasa mai raga, ki rataye inda iska ke ratsawa, nesa da kicin kamar yadda Anti ta ce. Sai Yuni ki ɓanɓare 'ya'yan, manya ki sa gaba kusa da tabarmar Inna, ƙanana a baya su yi girma. Albasar kwaɗi kuma kada ki saya. In za ku wuce Runjin Sambo bayan sallah ki yi mini magana ta akwatin saƙo, zan sa jikana ya tono miki biyu.